Abincin Lebanon, na Indiya, na Sin ko na Habasha: wanne ya kamata ka fara gwadawa?

Mutane da yawa a Kano da Kaduna da Abuja suna wucewa kullum ta ƙofar gidajen abincin baƙi, ƙamshi yana dukan hancinsu, amma ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ba rashin kuɗi kaɗai ke hana su ba. Wani yana jin nauyin a miƙo masa takardar jerin abinci ya rasa abin da zai nuna da yatsa, wani yana gudun ya kashe kuɗin cefanen kwana uku a kan abin da maƙogwaronsa zai ƙi karɓa, wani kuma babbar damuwarsa ita ce kada a ciyar da shi abin da addininsa ya haramta bai sani ba. Dukkan waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma domin mai irinsu na yi wannan rubutu, wato wanda ya riga ya ƙudurta zai gwada, ko don ya fita da iyali a bikin salla, ko don ya karrama baƙo, amma ya rasa ƙofar da zai fara nufa. Na ɗauki girki huɗu da ake samu a manyan biranenmu: na Lebanon, na Indiya, na Sin da na Habasha. Ukun farko ana samun su a Kano, musamman wajen Bompai da Nasarawa, kuma sun fi yawa a Wuse II da Maitama a Abuja. Na huɗun sai an nema, galibi a Abuja ko Legas.

Abin da na auna su da shi

Ma'auni na farko shi ne halacci, kuma na sa shi a gaba ne domin shi kaɗai ne ba a ciniki a kansa. Tambayar ba ta tsaya ga ko akwai naman alade a cikin farantin da aka ajiye maka ba. Ta haɗa da wanda ya yanka dabbar, da irin kitsen da aka yi suya da shi, da romon da aka ɗora miyar a kansa, da ko an zuba giya a cikin girkin, da ko kasko ɗaya ake soya komai a ciki.

Na biyu kuɗi ne. Yawancin kayan haɗin waɗannan girke-girke daga waje ake shigo da su, kamar shinkafar basmati da man zaitun da garin tef, wani hatsin Habasha, saboda haka farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 takardun farashi a irin waɗannan wurare ba sa daɗewa ba a sauya su ba. Shi ya sa na auna tsadarsu da juna maimakon in rubuta adadin da zai tsufa kafin wata ya ƙare. Sai dai a ko'ina ka zauna, ka tuna cewa kuɗin da ke rubuce a gefen sunan abinci sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, domin ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wasu gidajen kuma suna ƙara kuɗin hidima a kai.

Sauran ukun su ne: kusancin ɗanɗanon da abin da harshen Bahaushe ya saba da shi, tare da sauƙin yadda ake ci, riƙe ciki da kuma ko ragowar da aka ƙunsa maka za ta kai gobe, sai haɗarin da abincin ke iya yi wa lafiya.

Abincin Lebanon

Babu baƙin da suka daɗe suna dafa abincinsu a ƙasar Hausa kamar mutanen Lebanon, in ban da Larabawan Turabulus da suka riga su ta hanyar Sahara. Sun fara kwararowa Kano bayan layin dogo ya iso birnin a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, suka zauna a Fagge. Hausawa suka kira su Kwara, kuma har yau akwai titin Beirut da titin Lebanon a tsakiyar harkokin kasuwancin garin. Wannan daɗewa tana da amfani ga mai shiga cin abinci, domin masu gidajen sun san abokan cinikinsu, da yawa daga cikinsu Musulmi ne, wasu ma a nan aka haife su, suna jin Hausa kamar jakin Kano, za ka iya yi musu tambayarka kai tsaye ba tare da tafinta ba.

Ta fuskar halacci wannan girki ya fi sauran ukun kwantar da hankali. An gina shi a kan naman rago da kaza da sa, da man zaitun, da alkama da ganyaye. Abu biyu ne kawai za ka kula da su. Wasu gidajen suna sayar da giya, ciki har da wadda suke kira arak, wadda take garai-garai kamar ruwa amma ta koma fari kamar madara idan an tsarma ta. Sai kuma tsiran gwangwani da ake tusawa a shawarmar bakin titi, wanda ba ya cikin girkin asali, kuma ba kullum mai sayarwa ya san naman da aka yi shi da shi ba.

Inda mutane suke shan mamaki shi ne ɗanɗano. Wanda ya saba da shawarmar da ake cikawa da kabeji da mayonis da barkono zai tarar da ta asali a bushe, nama ne da tafarnuwar da aka kirɓa da mai har ta yi fari, da kokwambar da aka jiƙa a ruwan gishiri. Girkin Lebanon ba ya neman yaji, tsami yake nema, kuma abubuwa da dama da sanyinsu ake cin su. Hummus, alal misali, wani irin wake ne da ake dafawa a niƙa shi da markaɗaɗɗen riɗi da lemun tsami da tafarnuwa, a dangwala da gurasa. Tabbule kuwa kwaɗon ɗanyen ganye ne da tumatir da na'a-na'a da ɗan ɓarzajjen alkama. Na sha ganin wanda ya ɗanɗana waɗannan biyun ya ture faranti yana cewa abincin salam ne, alhali da ya fara da falafel, wanda ɗan'uwan ƙosai ne na kusa, ko soyayyen kibbe mai niƙaƙƙen nama a ciki, ko shish tawuk wanda tsiren kaza ne ba ƙuli-ƙuli, da bai ji baƙunta ba ko kaɗan. Neman a kawo maka barkono ba abin kunya ba ne, kusan kowane gida yana ajiye shi.

Kuɗinsa hawa-hawa ne. Shawarma ko manakish, wato gurasar da aka gasa da cuku ko garin ganyen za'atar a kanta, su ne hanya mafi arha ta ɗanɗana abincin baƙi a garuruwanmu. Amma ƙananan farantan da suke kira mezze suna da yaudara, kowanne kuɗinsa kaɗan ne, kafin ka ankara ka yi odar shida. Ba sa riƙe cikin wanda ya saba da tuwo sai an haɗa da gasasshen nama da shinkafa. Gasasshen naman da kibbe suna kai gobe a firiji, kwaɗon ganyen kuwa yana yaushi cikin sa'o'i kaɗan. Haɗarinsa yana ga ɗanyen ganye, wanda lafiyarsa ta dogara ga ruwan da aka wanke shi da shi, da kuma kibbe nayye, wanda ɗanyen nama ne kirɓaɓɓe; wannan ban ba kowa shawarar ya taɓa shi a zafin ƙasarmu ba. Gidajen abincin Turkiyya da ke ƙaruwa a Abuja suna cikin wannan dangi, duk abin da na faɗa a nan kusan ya hau kansu.

Abincin Indiya

Hausawa sun shafe fiye da shekara hamsin suna kallon finafinan Indiya, amma kaɗan ne suka taɓa cin abin da ake dafawa a can, alhali in aka buɗe kwabar kayan ƙamshin mai girkin Indiya za a ga rabinta abin da ke madafin iyayenmu mata ne: citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, kurkur, kirfa, hulba da man shanu. Gurasarsu da ake kira nan ana manna ta ne a jikin tanda mai zafi da suke kira tandur, daidai yadda ake manna gurasa a tanderu a Jakara. Biryani shinkafa ce da nama da ake jerawa hawa-hawa a tukunya a rufe su turara tare, kuma duk alhajin da ya ci shinkafar Makka ba zai ji ta baƙuwa ba. Lassi kindirmo ne damamme, da suga ko gishiri ko mangwaro. Bambancin yana ga yawan ƙamshi, domin miya ɗaya tana iya ɗaukar kayan ƙamshi goma, har wasu sukan ce kamar turare suke ci. Wanda hakan ya dame shi ya fara da kazar tandur ko dal, wato faten wani ƙaramin wake mai saurin narkewa.

Naman alade ba kasafai ake ganin sa a waɗannan gidaje ba, haka ma naman sa, saboda mabiya addinin Hindu suna girmama saniya; kaza da rago da kifi ne suka cika takardar. Tambayar da ta rage ita ce yanka. Mai gidan yana iya zama Musulmi, ko Hindu, ko mabiyin addinin Sikh, su kuma Sikh yankansu sare wuya ne da bugu ɗaya, don haka a tambayi inda suke sayen nama. In amsar ba ta gamsar ba, mafita tana nan a takardar kanta, domin kusan rabin girkin Indiya babu nama a cikinsa sam, kuma ba girkin dole ba ne, girki ne da aka ƙware a kansa shekaru aru-aru. Panir, wanda cuku ne mai taushi da ba ya narkewa a wuta, yana tsayawa a madadin nama a cikin miyar alayyahu ko ta tumatir. Sunan da ya kamata a tsaya a kansa shi ne vindalu, girkin yankin Goa da Turawan Fotugal suka mulka har 1961, wanda asalinsa da naman alade ake yi; gidaje da yawa da kaza ko rago suke yin sa, amma a tabbatar, kuma a san cewa yajinsa ya wuce na sauran.

Tarkon kuɗin yana nan: kwanon miya shi kaɗai ake kawowa, shinkafa daban ake biya, gurasa ma daban. Mutum ɗaya da ya je shi kaɗai zai ji tsada, mutum huɗu da suka haɗa miya uku suka raba za su ga sauƙi. Idan gidan yana yin tali, wato babban tire mai ƙananan kwanoni da ɗan kowane abu a ciki, shi ne zaɓin mai zuwan farko. Wajen riƙe ciki babu kamarsa a cikin huɗun, kuma miyarsa ta fi daɗi washegari idan an ajiye ta a firiji aka ɗumama sosai. Nauyinsa shi ne haɗarinsa. Man shanu da kirim suna da yawa, mai gyambon ciki ya nemi a rage yaji tun kafin a ɗora, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar kashu ya guji miyar da suke kira korma da miyar kaza mai man shanu, domin sau da yawa da niƙaƙƙen kashu ake kaurara su, ido ba zai gani ba.

Abincin Sin

A nan zan daɗe, domin shi ne girkin da ya fi kama da wanda muka sani a ido, kuma shi ne ya fi buƙatar tambaya. Soyayyar shinkafa da taliya da naɗaɗɗen fulawar da ake rabawa a wajen biki duk sun shiga gidajenmu, don haka mutum yakan zauna da sakin jiki. Amma naman da aka fi ci a ƙasar Sin shi ne na alade, har idan Basine ya ce nama kawai bai fayyace ba, shi yake nufi. Kuma ba a matsayin yanka-yanka kaɗai yake zuwa ba. Ana soya shinkafa da kitsensa, ana dafa ƙasusuwansa a yi romon da ake zubawa a miyar ganye, ana niƙa shi a cusa a ƙullin fulawar da ake turarawa. Soyayyar shinkafar da ake yi wa laƙabi da ta musamman galibi tana ɗauke da gutsattsarinsa tare da jatan lande. Ga kuma giyar shinkafa ta Shaoxing, wadda masu girkin Sin ke tsarma nama da ita kamar yadda muke sa lemun tsami, kuma zafin wuta ba ya ƙone ta gaba ɗaya.

Na taɓa zama a wani gida na zaɓi girkin awara, domin abin da suke kira tofu awararmu ce ta waken suya ba wani abu ba, na ɗauka na tsira daga maganar nama. Allah ya sa na tambayi yaron da ke kawo abinci kafin a ɗora, ya shiga madafi ya dawo ya ce mini da niƙaƙƙen nama ake haɗa miyar, kuma ba na sa ba ne. Yaron bai yi niyyar ɓoye mini komai ba, shi ma sai da ya tambaya ya sani. Tun daga ranar na daina tambayar ko akwai alade a wannan farantin, na koma tambayar ko ana dafa alade a gidan gaba ɗaya, domin kaskon suyarsu ɗaya ne, goge shi kawai ake yi tsakanin girki da girki.

Wannan ba yana nufin a rufe ƙofar ba. Gidajen da ke tsakiyar unguwannin Musulmi da yawa sun cire alade daga madafinsu domin kasuwarsu, kuma suna faɗa a fili. Ita ma ƙasar Sin tana da miliyoyin Musulmi, kamar ƙabilar Hui da Uigur, masu girkinsu na halal. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san shagunan taliyar Lanzhou mai romon naman sa a unguwar Xiaobei, wadda ake ja da hannu a gabanka. In ka dace da gidan da mai girkinsa daga cikinsu yake, ka samu abin da ya fi kowanne. Halittun ruwa kuma, kamar jatan lande da ƙaguwa, halal ne a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, matsalarsu ta lafiya ce kawai ga wanda jikinsa ke yin bore idan ya ci su.

Ɗanɗanon ya danganta da yanki. Girkin Kanton na kudancin Sin, wanda ya fi yawa a nan, ba shi da yaji, kuma yana haɗa zaƙi da nama, abin da harshen Bahaushe ke yawan ƙi a karon farko. Girkin Sichuan yana da barkono sosai, tare da wani ɗan ƙwaya mai sa leɓe ya yi zugi kamar ya mutu na ɗan lokaci. Tsinken cin abinci ba dole ba ne, a nemi cokali. Tsarin oda irin na Indiya ne, kwano ɗaya na mutum biyu ko uku ne, kuma abincin teku shi ke ɗaga kuɗi sama. Yana cika ciki nan take amma yunwa takan dawo da wuri. Ragowar shinkafarsa ce ta fi ta kowa haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke hayayyafa a dafaffiyar shinkafar da aka bari a waje, kuma ɗumame ba ya kashe gubar da ta bari. In ba za ta shiga firiji cikin sa'a biyu ba, a bar ta a can. Mai hawan jini ya yi hattara da baƙin ruwan waken suya da ake zubawa a kusan komai, domin babban cokali ɗaya nasa yana ɗauke da kusan rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum a yini, wato giram 5.

Abincin Habasha

Shi ne wanda aka fi jahilta, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da yadda muke zama cin abinci. Ana shimfiɗa injera a babban tire, a zuba miya kala-kala a kanta, kowa ya wanke hannu ya sa hannun dama a ci tare. Injera kamar faffaɗan sinasir take, mai ido-ido, ana yin ta da garin tef, wata ƙwaya da ta fi acca ƙanƙanta, kuma ana barin ƙullin ya kwana biyu zuwa uku, don haka tsaminta ya fi na waina nesa ba kusa ba. Wannan tsamin shi ne mararraba, wanda ya karɓe shi ya karɓi girkin duka. Miyar kazarsu, doro wat, albasa ce mai yawa da aka daɗe ana soyawa da yajin berbere da man shanu mai ƙamshi, da dafaffen ƙwai a ciki, kuma duk mai son jar miya mai yaji zai ji kamar a gida yake. Tibs soyayyen nama ne da albasa da barkono.

Kiristocin Habasha mabiya cocin Orthodox ba sa cin alade, Musulminsu ma haka, saboda haka wannan damuwa ta kau. Saura maganar yanka, wadda wanda yake da shakka a kanta zai iya kauce mata cikin sauƙi, domin mabiya cocin suna azumin nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da wasu dogayen lokuta a shekara, kuma hakan ya haifar da tiren da suke kira beyaynetu, mai faten wake iri-iri da ganye da kabeji ba nama ko kaɗan. Abin sha da za a guje wa shi ne tej, giyar zuma ce, kalarta kamar lemun kwalba. Abin ci da za a guje wa kuma kitfo ne, niƙaƙƙen ɗanyen naman sa, wanda ke iya jawo tsila, sai dai in an nemi a soya shi ya nuna. Tire ɗaya yana ɗaukar mutum uku, don haka kuɗinsa matsakaici ne idan an raba. Injera tana kumbura a ciki ta riƙe shi sosai, amma wadda miya ta jiƙa ba ta kai gobe. Idan gidan yana gasa gahawa a gaban baƙi da turaren wuta, a jira, ya cancanci lokacin.

| Ma'auni | Lebanon | Indiya | Sin | Habasha |
|---|---|---|---|---|
| Halacci | Sauƙi, tambaya kaɗan | A tambayi yanka, ko a ci marar nama | Sai an bincika madafin duka | Babu alade, akwai tiren marar nama |
| Kuɗi | Daga arha zuwa tsada | Tsada ga mutum ɗaya, sauƙi ga ƙungiya | Matsakaici, abincin teku da tsada | Matsakaici idan an raba |
| Ɗanɗano | Tsami, babu yaji | Yaji da ƙamshi mai yawa | Gishiri da zaƙi, wani yankin yaji | Yaji da tsamin injera |
| Yadda ake ci | Gurasa da hannu ko cokali | Gurasa ko cokali | Cokali ko tsinke | Hannu, tire ɗaya |
| Riƙe ciki | Sai an haɗa da nama | Sosai | Na ɗan lokaci | Sosai |
| Ragowa | Nama yana kwana, ganye a'a | Miya tana kwana lafiya | Shinkafa da haɗari | Jiƙaƙƙiyar injera ba ta kwana |
| Babban haɗari | Ɗanyen ganye da ɗanyen nama | Maiƙo, yaji, kashu | Gishiri, jatan lande | Ɗanyen nama, yaji |
| Samuwa | Ko'ina a manyan birane | Manyan birane | Manyan birane | Da wuya |

Wane ne ya dace da wanne

Wanda zai fita da mata da ƙananan yara, ko wanda ba ya son ya tsaya yana yi wa ma'aikata tambayoyi a gaban baƙonsa, ya nufi gidan Lebanon, ya fara da gasasshen nama da falafel da gurasa, ya ƙara hummus faranti ɗaya tal a tsakiya domin kowa ya ɗanɗana. Haka nan ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, manakish ɗaya da shayi sun ishe shi ya san ko girkin ya yi masa.

Abokai huɗu ko biyar masu son yaji, waɗanda suke so su tashi a ƙoshe har su tafi gida da ragowa, na Indiya ne nasu: biryani ɗaya, miya biyu, dal da gurasa isasshiya. Shi ne kuma zan zaɓa wa wanda yake tsananta wa kansa a maganar yanka, domin zai ci ya ƙoshi bai taɓa nama ba. Mai gyambon ciki ko wanda likita ya hana maiƙo kada ya fara da shi.

Gidan Sin ya dace da wanda ya riga ya san gidan, ko wani amintacce ya tabbatar masa ba a dafa alade a madafinsa, da kuma ɗan kasuwar da zai karɓi baƙuncin abokin hulɗa Basine, wanda ya kamata ya je kwana ɗaya kafin ranar ya yi tambayoyinsa a natse. Ban ba mai hawan jini shawarar ya mayar da shi wajen zuwa a kai a kai ba.

Idan kuwa dattijo ne za ka kai, mahaifi ko kawu wanda cokali mai yatsu ke takura masa, wanda bai saba a raba wa kowa farantinsa ba, to in akwai gidan Habasha a garin da kake, can za ka kai shi. Ka nemi doro wat da tibs da beyaynetu a tire ɗaya, ka ce a kawo shinkafa a gefe ko da tsamin injera zai yi masa yawa, sannan ka sanar da su tun da wuri cewa za ku sha gahawa bayan an ɗauke tire, domin gasa ta da dafa ta yana ɗaukar lokaci.